A dawo da shan mai a tsakiyar tseren motoci na F1, ko a bar shi inda aka binne shi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya barci ya ƙaurace min, sai na zauna na sake kallon tseren Hangare na 1998 daga farko har ƙarshe. Michael Schumacher ya maƙale a bayan motocin McLaren biyu, Hakkinen da Coulthard, a hanyar da kowa ya san wuce mutum sai an sha wuya. Ana tsakiyar tsere Ross Brawn, mai tsara wa Ferrari dabara, ya sauya lissafi, tsayawa biyu ta koma uku. Aka zuba wa Schumacher mai ɗan kaɗan, aka ce ya nemo wajen sakan 25 cikin zagaye 19. Bawan Allahn nan ya dinga zuba gudu kamar ranar gwajin neman gurbin tashi, har sai da ya sauka daga kwalta a kwanar ƙarshe ya dawo, kuma ya ci tseren. Yanzu fa? A ɗura wa mota man tsere gaba ɗaya tun daga farko, ta tashi kamar tirelar siminti, kana ji a rediyo ana ce wa direba ya lallaɓa taya, ya ɗaga ƙafa kafin kwana. Ni dai ina ganin tun da aka hana shan mai a 2010 aka cire wa wasan nan gishiri. A dawo da shi. Wa ke tare da ni?

Auta: Wa alaikumus salam Baba. Tsaya tukuna, wai da ana zuba wa mota mai ana cikin tsere? Ni da na fara kallo a 2021 ban taɓa gani ba.

Maman Hanif: Auta kenan. Ka tambayi baban gwaninka, shi zai ba ka labari da kyau.

Injiniya: Baban Ummi, barka da safiya. Tambaya ɗaya zan yi maka kafin mu yi nisa. A wannan tseren da ka kalla jiya, motocin McLaren ɗin nan biyu, a ina Schumacher ya wuce su? A kan kwalta, taya da taya, ko suna tsaye a gareji?

Baban Ummi: Injiniya ka fara ko? A gareji ne mana. Amma ai dabarar kenan.

Injiniya: To ai nan gizo ke saƙar. Tambaya biyu ka haɗa wuri guda: ko shan mai yana ƙara dabara, da kuma ko yana ƙara obatekin, wato wuce mota a kan hanya. Misalin da ka fi so a duniya, babu obatekin ko ɗaya a cikinsa tsakanin masu neman na ɗaya. Haka Faransa 2004 a Magny-Cours, wanda na san shi za ka kawo nan gaba. Alonso ya tashi a gaba da Renault, Ferrari ta ga ba za a iya wuce shi a hanya ba, Schumacher ya shiga gareji har sau huɗu ya ci tsere. Abin burgewa ne a takarda. Amma mai kallo me ya gani? Mota ja tana gudu ita kaɗai tana faɗa da agogo.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, saboda su Auta. Kowane kilo 10 na mai yana cin kusan sulusin sakan a zagaye ɗaya, ya danganta da hanya. A zamanin shan mai, idan kana bin mutum a baya kuma ka san tankinka ya fi nasa da zagaye uku, wautar me za ta sa ka kai masa hari ka karya fiffiken gaba? Sai ka lafe a bayansa. Ya shiga gareji, a cika shi, ya fito da nauyi. Kai kuma motarka ta zama fayau, babu komai a tanki, ka zuba zagaye uku na fitar rai, ka shiga ka fito a gabansa. An wuce shi ba tare da ya ko gan ka a madubi ba. Direbobi ba wawaye ba ne, duk hanyar da ta fi sauƙi ita za su bi, kuma shan mai ya buɗe musu ƙofar baya.

Baban Ummi: Amma a wannan Faransa 2004 ɗin da kake rainawa, ai Barrichello ya wuce Trulli a zagayen ƙarshe, dab da layin gamawa, ya ƙwace na uku. Ko shi ma a gareji aka yi?

Injiniya: An yi, ban musa ba. Ka lura da lokacin da aka yi shi: bayan an gama duk tsayawa, babu sauran ƙofar baya. Da ya ga ba makawa sai ya kai hari. Ai hujjata ka ƙara wa ƙarfi.

Dattijo: Yara, ku ba ni wuri in tsoma baki, don ni na ga zamani uku. Masu cewa a "dawo" da shan mai kamar shi ne asalin wasan, ku sani shi ma baƙo ne da ya zo ya tafi ya dawo ya sake tafiya. A shekarun 1950 akan yi shi jefi-jefi. Fangio a Nurburgring a 1957 da rabin tanki ya tashi a Maserati, tsayawarsa ta lalace, ya fito yana bayan Ferrari biyu, Hawthorn da Collins, da fiye da sakan 40, ya dinga karya tarihin zagaye yana sake karyawa har ya kamo su ya wuce. Wannan ban gani da idona ba, karantawa na yi, kada Auta ya ce na kai shekara ɗari.

Wanda na riska shi ne na Brabham. A 1982 mai zana musu mota, Gordon Murray, ya zauna ya yi lissafi ya ga idan mota ta tashi da rabin tanki da taya mai laushi, abin da za ta samu ya fi abin da za ta ɓata a tsayawa. Abin dariya, tsere bayan tsere makanikai suna shiri da tulunan mai, kowa ya zuba ido, motocin kuma suna lalacewa kafin lokacin tsayawar ya yi. Sai a Ostiriya aka samu Patrese ya kai ga tsayawar. A 1983 kowa ya kwaikwaya, Piquet ya ci kambu da Brabham, a 1984 aka hana saboda tsoron gobara, aka ƙayyade tanki lita 220. Daga nan aka shiga wani sabon salo: mai yana ƙare wa mutane a hanya. Imola 1985 Senna yana gaba mai ya ƙare, Johansson ya karɓa a Ferrari jama'a suna ihu, shi ma ya ƙare. Prost ya gama na ɗaya aka auna motarsa ba ta kai nauyi ba aka cire shi, de Angelis ya tsinci dami a kala. A Hockenheim 1986 da idona na ga Prost ya fito yana tura motarsa. To wannan lallaɓa mai da Baban Ummi yake kuka da shi, ya girmi wasunku a nan.

Auta: Allah ya ƙara lafiya Baba. To me ya sa aka dawo da shi a 1994?

Dattijo: Williams ta addabi kowa a 1992 da 1993, tsere ya zama kafin a fara an san mai ci. Aka cire na'urorin da ke taya direba tuƙi, aka dawo da shan mai don a motsa tukunyar. Kullum haka suke, in kallo ya yi sanyi sai a taɓo doka.

Maman Hanif: Kuma a shekarar farko aka ga abin da ake gudu. Auta, ga labarin da na ce ka tambaya. Hockenheim, 1994. Jos Verstappen, mahaifin Max, ya shigo gareji da Benetton. Tiyon bai zauna daidai ba, fetur ya yi tsartuwa ya wanke motar da shi da makanikai. Za ka ga ɗan shiru na kamar sakan ɗaya, kowa ya daskare, Jos yana kaɗa hannu. Sai wuta ta tashi ta rufe komai, ba ka ganin mota ba ka ganin mutum. Allah ya sa aka kashe ta cikin 'yan sakanni, ya fita da ƙuna a fuska wajen idanu don ya ɗan ɗaga gilashin hularsa. Da aka bincika aka tarar an cire wata filta daga na'urar zuba man.

Oga Makaniki: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Duk wanda yake cewa a dawo da abin nan bai taɓa tsayawa kusa da fetur da salansa mai zafi ba. Shekarun baya a garejinmu wani yaro yana zuba wa kafireto fetur da gwangwanin madara, mai gida yana ba mota wuta. Ta yi tari sau ɗaya, fuu! Kafin ka ce kwabo hannun rigarsa ya kama. Da yashi da tsohon bargo muka kashe, har yau tabon yana nan daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Wannan fa abin da bai kai rabin gwangwani ba ne. Su kuwa na'urarsu lita 12 take turawa a sakan ɗaya, mutum ya saɓa tiyo mai nauyin tsiya a kafaɗa, birki ya yi ja, inji yana kunne, direba ƙafarsa na kan totur yana jiran a ce tafi. Mu da muke sana'ar, idan ana wannan muhawara ba direba muke kallo ba, wancan mai riƙe da tiyon muke kallo.

Baban Ummi: Oga, Allah ya kiyaye gaba. Amma a yi adalci, shekara 16 ana yi daga 1994 zuwa 2009, an tsaya sau dubbai. Gobara nawa za ka iya lissafawa? Schumacher ma wuta ta kama gefen motarsa a Ostiriya 2003, ko gezau bai yi ba, aka kashe ya fita ya ci tseren.

Maman Hanif: Lissafa kake so? Barazil 2009, Kovalainen ya fizgi tiyo ya tafi da shi, fetur ya fesa wa Raikkonen da ke bayansa, wuta ta tashi a layin gareji, mutumin ya ƙarasa tsere idanunsa suna raɗaɗi. Valencia 2008 Raikkonen ɗin ya tashi kafin a cire tiyo ya banke mai zuba masa mai. Sai babbar, Singafo 2008. Kai da kake ɗan Ferrari ai bai kamata in tuna maka ba. Massa yana jan tsere, ya shiga gareji, aka kunna masa koriyar fitila tiyo yana jiki. Ya ja shi kamar jelar kada har ƙarshen layi, makanikai suka bi shi da gudu suna kokawar cirewa. Ya gama na 13, babu maki ko ɗaya. Ƙarshen shekara da maki nawa Hamilton ya doke shi?

Baban Ummi: Maman Hanif, don Allah a bar tone-tone.

Maman Hanif: Ɗaya tak, 98 da 97. Ni ba na kuka, gwanina ne ya ci. Amma ka ce min wannan dabara ce?

Injiniya: Kuma a ƙara da wannan: maguɗin da aka yi a tseren nan, da shan mai aka gina shi. A lokacin doka ta ce idan motar tsaro ta fito ana rufe layin gareji sai an tattara motoci. Alonso ya tashi na 15 da mai kaɗan, ya riga kowa shiga ya sha mai, bayan zagaye biyu abokinsa Piquet ƙarami ya daki bango da gangan. Wanda mansa ya ƙare dole ya shiga ko an rufe, ya karɓi hukunci, kamar yadda ya faru da Rosberg da Kubica. Sauran suka jira aka buɗe suka shiga a tare suka fito a baya. Taya idan ta tsufa kana iya lallaɓawa ka ƙara zagaye biyar. Tanki idan ya bushe babu lallashi.

Wannan ne ma ya sa nake cewa ko a fannin dabarar, shan mai bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Daga 2003 da man da ka yi gwajin Asabar da shi za ka tashi ranar Lahadi. Ma'ana tun Asabar an riga an rubuta zagayen da za ka fara tsayawa. A 2009 har wallafa nauyin motoci ake yi bayan gwaji, duk mai kalkuleta ya san wane zai shiga a zagaye na nawa. Kana iya shiga da wuri, amma ba ka isa ka ƙara ko zagaye ɗaya a kan abin da ke tankinka ba. Yanzu kuwa mutum yana kan hanya ake yanke shawara, ana kallon abokin hamayya, ana yaudararsa, makanikai su fito da taya su koma.

Ɗan Tasha: Ni ban san lissafinku na kilo da sakan ba. Abin da na sani, mota da lodi da mota babu lodi ba tuƙinsu ɗaya ba. Birki ma ba ya kamawa iri ɗaya. Wanda ya iya da ita a cike ya kuma iya da ita a wofi, shi ne direba.

Dattijo: Ɗan Tasha ya faɗi magana. Prost da wannan ya yi suna. Sai ya saita motarsa don rabin tsere na biyu, ka ga kamar ba ya nan, can sai ga shi.

Baban Ummi: To na ji, kun taru a kaina. Bari in tambaye ku. Tseren farko bayan an hana, Bahrain 2010, wa ya manta irin hammar da aka yi? Kowa ya tsaya sau ɗaya, aka jera kamar ayarin raƙuma har ƙarshe. Ƙarshen shekarar kuma a Abu Dhabi, Alonso yana neman kambu ya maƙale a bayan Petrov kusan zagaye 40 bai iya wucewa ba, Vettel ya ɗauke kofi. Da akwai shan mai da Ferrari ta samu hanyar fitar da shi. Da abin ya ishe su me suka yi? Suka kawo DRS a 2011, ka danna maɓalli fiffike ya buɗe ka wuce mutum a miƙaƙƙiyar hanya kamar yana tsaye. Suka ce wa Pirelli ta yi taya mai saurin cinyewa da gangan. Wato an cire dabara ta gaske an kawo ta roba. Idan adadin obatekin ya ƙaru, irin wannan ne ya ƙaru. Ni a ba ni Hakkinen a Spa 2000, shi ta dama Schumacher ta hagu Zonta a tsakiya, ya fi min ɗari na DRS. A ba ni Suzuka 2005, Alonso ya zagaye Schumacher ta waje a kwanar 130R, Raikkonen ya taso daga na 17 ya wuce Fisichella a zagayen ƙarshe. Duk a zamanin shan mai aka yi su.

Auta: Kai, Baba ya dawo da ƙarfinsa.

Injiniya: Wannan karon ka kama ni a wani wuri, kuma zan amsa. Gaskiya ne masu ƙirga obatekin sun nuna ya ragu a shekarun shan mai, ya ɗaga a 2010, ya yi tsalle a 2011. Amma ba zan ɗora duka a kan tiyo ba. A 1998 an tsuke faɗin motoci aka kawo taya mai tsaga-tsaga, riƙon ƙasa ya ragu, mota ta koma dogaro da fukafukai, wanda ke baya kuma iskar da ta hargitse yake shaƙa. A 2010 sababbin ƙungiyoyi uku sun shigo, Lotus da Virgin da HRT, masu tafiyar hawainiya, wuce su ba abin kirari ba ne. A 2011 kuma ga DRS ga Pirelli. To alkaluman sun cakuɗe, duk wanda ya ce maka ya tace rabon shan mai shi kaɗai, ya faɗi son ransa.

Amma duba misalanka. Suzuka 2005 me ya jawo shi? Ruwan sama ya ɓata gwajin Asabar, masu sauri suka tashi daga baya. Spa 2000 an gama tsayawa, hanya tana bushewa, saura 'yan zagaye. Babu wanda shan mai ya haifa. Abin da shan mai ya haifa shi ne jirgin ƙasan Trulli: ya yi gwaji mai kyau da Toyota ya tashi a gaba, ranar Lahadi motoci shida su jeru a bayansa, kowa yana jiran lokacin gareji.

Abu Dhabi 2010 kuwa, ka ce da Ferrari ta samu hanyar fitar da shi. Wace hanya? Ta gareji. Ka ga mun dawo inda muka fara.

Maman Hanif: Ni bari in ba shi Hangare tasa, amma ta 2019. Hanya ɗaya da wadda ya kalla jiya. Hamilton ya bi Verstappen ya kasa wucewa. Mercedes ta kira Hamilton a zagaye na 48 ta sa masa sabuwar taya, ya fito da tazarar kusan sakan 20, shi kansa yana ta ƙorafi a rediyo yana ganin an yi kuskure. Ya dinga cin tazarar nan zagaye bayan zagaye, a na 67 cikin 70 ya kamo shi ya wuce ta waje a kwanar farko. Lissafi iri ɗaya da na Brawn, gudu iri ɗaya na fitar rai. Bambancin, a ƙarshe sai da ya zo ya wuce mutumin ido da ido. Sifaniya 2021 aka maimaita. Faransa 2021 Red Bull ta rama, Max ya tsaya sau biyu ya wuce Hamilton saura zagaye biyu. Auta, wannan ai ka gani.

Auta: Na gani Anti, ranar har maƙwabta sai da suka ji ihuna.

Injiniya: Dalilin a fili yake. Yanzu duk motocin nauyin mansu kusan ɗaya ne a kowane lokaci, abin da ke bambanta su taya ce. Wanda ya shiga gareji ya fito shi ne mai sauri, kuma yana baya. Dole ya zo ya wuce. A zamanin shan mai wanda ya fito daga gareji shi ne mai nauyi, mai saurin kuma yana can gaba shi kaɗai. Tsari ɗaya yana haɗa motoci, ɗayan yana raba su.

Baban Ummi: To batun nauyi fa? Direbobin da kansu sun nema. A 2019 da Jean Todt yana shugaban FIA, hukumar da ke kula da wasan, ya ce a sake duba batun, direbobi irin su Grosjean sun goyi baya, don motocin sun yi nauyi suna dafa taya. Ko su ma ba su san abin da suke yi ba?

Injiniya: Sun sani sarai, kuma a nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari: motocin sun yi ƙiba. Amma mu duba daga ina ƙibar ta zo. A 2009 mafi ƙarancin nauyin mota da direba kilo 605 ne. A 2010 ya zama 620. Da injin haɗaka mai batir ya zo a 2014 ya koma 691. A 2022 ya kai 798, a 2025 kuma 800 cif. Motar 2010 da tankinta cike maƙil, mai wajen kilo 150 zuwa 160, ba ta kai nauyin motar 2025 da babu ɗigon mai a cikinta ba. Ka sake karanta wannan. Idan ka dawo da shan mai yau, abin da za ka rage a farkon tsere bai wuce kilo 50 zuwa 60 ba, a ƙarshen tsere kuma babu abin da ka rage. Kilo kusan 200 da aka ƙara na batir ne, da manyan tayoyi, da ƙarfen kariya, da tsawon mota. Abin da kake kewa, Baban Ummi, ƙaramar mota ce mai kukan V10 wadda ake jefa ta kwana kamar kyanwa. Tiyon ya zo a hoto ɗaya da ita ne kawai. Dokar 2026 ta rage zuwa 768, an ɗan taɓa amma da sauran tafiya.

Kuma ka tuna an gwada dawo da shi. A 2015 manyan wasan sun sanar za a dawo da shi a 2017, ƙungiyoyi suka koma suka duba alkalumansu, maganar ta mutu. Ta 2019 ma haka ta bi. Ga kuɗin jigilar na'urorin daga nahiya zuwa nahiya da ma'aikatansu, wanda dama shi ne babban dalilin da aka bayar lokacin hanawa.

Oga Makaniki: Wani abu kuma da ba ku faɗa ba. Da, mai ne yake ƙayyade tsawon tsayawa, sakan bakwai, takwas, tara. Masu taya su gama su tsaya suna kallon mai tiyo. Yanzu aikin hannu ne zalla. McLaren ta canja wa Norris taya huɗu a sakan 1.80 a Katar 2023. Ni da nake kwance taya kullum, na mayar da bidiyon nan baya ya fi sau ashirin ban ga lokacin da goron ya fita ba.

Bature: Ina ta karatu ban ce komai ba. Amma a Amurka ai IndyCar suna shan mai har gobe, kuma obatekin ya fi na F1 yawa. A Indy 500 na 2016 Alexander Rossi, sabon shiga, ya ƙi tsayawar ƙarshe ya dinga tsimin mai, ya ƙare masa a zagayen ƙarshe, motar ta gangara ta tsallake layi ya ci. Wannan ba daɗi? Le Mans ma ana sha.

Injiniya: Da daɗi ƙwarai. Amma can kowa gangar jikin Dallara yake ja, iri ɗaya, tazarar motoci kaɗan ce, kuma tutar rawaya tana yawan tattara su wuri guda. Ko ka hana su shan mai za su wuce juna. Kuma ka lura da abin da Rossi ya yi: lallaɓa mai, abin da Baban Ummi ya buɗe zancen nan yana kuka da shi. Shan mai ba ya kashe tsimi, don duk wanda ya iya tsallake tsayawa ɗaya ya ci riba. Le Mans kuwa awa 24 ce, babu tankin da zai kai.

Dattijo: Ku duba Monako ku ga iyakar abin da tsayawa take iya yi. A 2024 aka ɗaga jar tuta a zagayen farko, kowa ya canja taya a tsaye, goman farko suka gama yadda suka tashi. Aka ce to a 2025 dole kowa ya tsaya sau biyu. Me ya faru? Racing Bulls da Williams suka sa direba ɗaya ya rage gudu ya tare hanya don ɗan'uwansa ya samu tazarar shiga gareji. An gudu ba a tsira ba. Mota mai faɗin kusan mita biyu a lungun Monako, ko sau goma za ta tsaya ba za ta wuce ba.

Baban Ummi: Naku wasa ne. To a gwada mana ko sau ɗaya a gani. A ɗauki tsere biyu ko uku a shekara a ce mota ta tashi da mai kaɗan, kowa ya taka iya ƙarfinsa babu lallaɓawa.

Maman Hanif: Ai ana yi, Alhaji. Sunansa gajeren tseren Asabar, tun Silverstone 2021. Kilomita 100, sulusin mai, babu dole a tsaya. Sau nawa ka tashi tsaye saboda shi?

Baban Ummi: Barazil 2021! Gwaninki ya tashi na 20 ya gama na biyar cikin zagaye 24. Ko kin manta?

Maman Hanif: Ina fa zan manta. An hukunta shi ne aka mayar da mota mafi sauri can baya, kamar Suzukarka ta 2005. Sauran fa? Bayan zagaye uku kowa ya kama gurbinsa, don duk tayarsu ɗaya, mansu ɗaya, shekarun tayar ɗaya.

Auta: Ni dai a turo min inda zan ga na Hockenheim ɗin nan. Kuma Baba Dattijo, da gaske Prost ya kai motar layi da turi?

Dattijo: Ina! Layin ya yi masa nisa, ya haƙura ya bar ta a nan. Amma da yake ya riga ya yi wa na bayansa zagaye, sai aka lissafa shi na shida, ya tafi da maki ɗaya.

Baban Ummi: Injiniya, yau da daddare Imola 2005 zan kalla, Alonso da Schumacher, zagaye 12 na ƙarshe hanci da wutsiya. Gobe zan dawo maka.

Injiniya: Ka haɗa da ta 2006 a hanyar, inda suka yi musanya, Schumacher a gaba Alonso yana binsa. Ka riƙe biro da takarda, ka ƙirga min sau nawa ɗaya ya wuce ɗaya a kan kwalta a duka biyun.

Oga Makaniki: Ku ci gaba, an kawo min wata Golf tana zubar da mai ta ƙasa, bari in je kafin wani ya zo da sigari.